Makara a Saman Motoci

"Riƙe mini bakin tef ɗin awon nan, Alhaji," in ji Malam Abdulkabir, jami'in da ƙaramar hukuma ta turo ya duba filin ajiye motoci.

Alhaji Hashimu ya durƙusa ya riƙe. Shaguna goma sha biyu ya gina a gonar da ya gada a bakin titin Ungogo. A zanen ginin an ware fili na mota ashirin, amma bara ya yanki fiye da rabinsa ya ƙara shaguna uku. Da maƙwabta suka kai ƙara cewa motoci na tare musu hanya, sai aka sa ranar zuwa dubawa.

Tun da hantsi Hashimu ya tsaya da kansa a bakin titi. Duk motar da ta zo sai ya nuna wa direban lungun da ke bayan shagunan, don jami'in ya tarar da gaban a buɗe.

"Ka gani da idonka, Malam," ya ce. "Fili har ya yi mana yawa. Hassada ce kawai."

Malam Abdulkabir yana cikin rubutu sai suka ji hayaniya daga bayan ginin, suka zagaya.

Mutane ne sun fi hamsin, ɗauke da makara. Nan take Hashimu ya tuna. Da asuba aka sanar a masallaci cewa Inna Rahmatu ta rasu, tsohuwar da gonarta ke iyaka da ta mahaifinsa, wadda ta sha goya shi yana jariri idan uwarsa ta tafi roron wake. Ya yi niyyar zuwa jana'izar, zancen jami'in ya ɗauke masa hankali. Lungun nan kuwa shi kaɗai ne hanyar maƙabarta. Katangar shaguna a dama, katangar makarantar Islamiyya a hagu, a tsakani a-kori-kura ɗaya da ƙananan motoci uku sun toshe shi, sai dai mutum ya raɓa a kaikaice.

Aka shiga shaguna ana cigiyar direbobi. Aka samu biyu, amma a-kori-kurar ce a baki, mai ita kuma an ce ya hau adaidaita sahu ya tafi Dawanau duba hatsi. Rana ta yi zafi, gawa na kafaɗun mutane.

Zubair, babban ɗan marigayiyar, ya dubi liman. "Malam, ba za mu ajiye ta a ƙasa ba."

"To a ɗaga ta," in ji liman.

Matasa huɗu suka hau bayan a-kori-kurar. Aka miƙa musu makarar, suka miƙa wa na gaba, daga rufin wannan mota zuwa na waccan, ana ta salati. A kan mota ta uku ƙafar wani ta zame, makarar ta karkata, tabarmar da aka rufe gawar da ita ta ja baya har farin likkafani ya bayyana. Malam Abdulkabir ya yar da littafinsa ya tallafa da hannu biyu. Hashimu kam ya kasa motsi. Ji yake kamar duk idanun garin a kansa suke, alhali ba wanda ya ko kalle shi.

Ya bi sahu a can ƙarshe, kansa a sunkuye. Da aka sa ta a kabari aka jera itace, Zubair ya zo inda yake raɓe a gindin darbejiya, ya miƙa masa hannu.

"Mun gode, Yaya Hashimu. Ka bar harkokinka ka zo."

Hashimu ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Zubair, ni na ce su ajiye motocin nan a lungu. Da bakina."

"Na sani," in ji Zubair a hankali. "Na gan ka da safe, lokacin da muka wuce haƙar kabari."

Ya share ƙasar hannunsa a jikin riga. Sannan ya karɓi shebur daga hannun wani dattijo, ya miƙa wa Hashimu.

"Zo ka zuba mata ƙasa. Ai ta goya ka."