Sabon Gidan Makulli

Karo na huɗu ke nan Baba Direba yana murza makulli, motar ta yi ƙugi kamar za ta tashi, sai ta fasa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne rimot ɗin ras yake. Ya danna, ƙofofi su buɗe, fitilu su ƙyafta. Ya sake dannawa, su rufe. Inji ne kawai ya ce bai san zancen ba.

Ya fito ya buɗe bonet, ya girgiza kan batir ya ji shi daram. Mai kuwa jiya ya cika tanki. Ƙarfe takwas da kwata ta yi. Sha ɗaya likita zai ga Hajiya, matar marigayi maigidan, ita kuma mace ce da ke shiga mota da rabin awa a hannu.

Maigadi ya taso daga bencinsa yana gyara hula. "Baba, turawa za a yi?"

"Wannan ce motar turawa? Koma bakin ƙofarka."

Maigadi bai koma ba, sai ma ya leƙa ta taga. "Ga wata 'yar jar wuta nan tana ƙyaftawa, mai hoton makulli."

Baba Direba ya sunkuya ya ƙura wa wurin ido. Ja dai ya gani, amma hoto kam babu.

"Na gani," ya ce.

Shekararsa ashirin da shida a gidan nan, shi da matarsa a ɗakuna biyu na baya. Tun da maigidan ya rasu, harkar gida ta koma hannun babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, yaron da Baba Direba ya sha goge wa majina a hanyar makaranta. Makonni uku da suka wuce Baba Direba ya gogi ginshiƙin ƙofar gida da gefen mota da rana tsaka. Injiniya ya daɗe yana shafa wurin, sannan ya ce cikin ladabi, "Baba, in aka sake samun wata matsala da motar nan, gara ka huta haka nan." Hutu kuwa a irin wannan aiki ba makulli kaɗai yake karɓa ba, har da ɗakuna, don sabon direba ma sai ya kwana wani wuri.

Akwai makulli na biyu, amma yana aljihun Injiniya. Zuwa neman sa daidai yake da kai ƙarar kai.

Baba Direba kuma ya san abin da ya taɓa. Gidan robar makullin ya daɗe da tsagewa, yana ta naɗa masa salatif kamar ƙafar da ta karye. Rannan Injiniya ya dubi makullin ya taɓe baki. Jiya da yamma sai Baba Direba ya sayo sabon gida a bakin titi, ya zauna kan tabarma da tsinin wuƙa, ya ɓalle tsohon, ya kwashe ɗan koren faifan ciki da batir da ƙarfen makullin ya mai da su sabo. Ya danna daga bakin ɗaki ya ji motar ta amsa, ya kwana yana jin kansa gwani.

"In an tambaye ni, na je nan kusa," ya ce wa maigadi, ya fita ya tari mai babur.

Mai gyaran makulli yana gefen kasuwa, a wani shago da bai fi zaman mutum biyu ba, makullai rataye har rufi. Mutum ne mai ƙiba da sanƙo, tabarau biyu a jikinsa, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya karɓi makullin ya juya shi, bai ma jira bayani ba.

"Ƙofa tana buɗewa, mota ba ta tashi."

"Wa ya gaya maka?"

"Sabon gidan nan ne ya gaya mini. Kai ne na uku a satin nan, Baba. Ku sayi gida a titi, ku yi wa kanku tiyata, sannan ku tuna da ni." Ya sa ɗan sukudireba ya raba makullin biyu, ya nuna wani ɗan lungu a kusurwa. "Ina mai ɗakin nan?"

"Wane ɗaki?"

"Nan. Akwai wata 'yar baƙar ƙwaya da ke kwana a nan, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Rimot aikinsa ƙofa. Ita kuwa ita ce mota ta sani. Ka murza, mota ta tambaya ko tana nan. Ta ji shiru, sai ta ɗauke ka ɓarawo. Ba ta da waya, ba ta da batir, shi ya sa kowa ke raina ta. Garin neman gira kuka saba rasa ido."

Baba Direba ya kalli inda bakin sukudireban yake. Baƙar roba dai, ko'ina baƙar roba.

"Sa mini wata."

"Wata ba ta san motarka ba. Sai na je da na'ura na haɗa su, kuma irin taku sai da makulli na biyu a hannu. Yana wurinka?"

"Yana wurin mai motar."

Mai makulli ya sauke tabarau ya dube shi, ya dubi furfurarsa, ya daina wasa. "To ka koma ka nemo tsohon gidan. In tana ciki, a sa tsinke a ciro ta a hankali, kada a matse ta. A ɗiga gam kaɗan a lungun nan, a kwantar da ita, a rufe. Shi ke nan. Ka tafi, Baba, ba sai ka ba ni komai ba."

Tara da rabi ya shigo ta ƙaramar ƙofa, ya zagaya baya ba tare da ya kalli tagogin babban gida ba. Matarsa tana shanya. Ta ga fuskarsa ta ajiye bokiti.

"Malam, lafiya?"

"Ina robar da na yar jiya?"

"Tana inda ake yar da abu."

Ta kifar da kwandon shara a tsakar gida, ta tono ɓari biyun da salatif ɗinsu. Ya yi mata bayani yadda aka yi masa. Ta ɗaga su a rana ta duba, ta sa farce a lungun.

"Ba komai a ciki. Amma ga gurbin abu nan. Da ka ɓalle da wuƙa ai na ji wani abu ya yi tsalle, na ce maka mene ne, ka ce in bar maza su yi aiki."

Zufa ta jiƙa masa wuyan riga, tsoro kuma ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da taya ta fashe masa a babban titi.

Ita kuwa ba ta tsaya jimami ba. Ta ɗauko tsohon faranti mai faɗi, ta kakkaɓe tabarmar jiya a kai, ta kwaso ƙurar da ta share da safe ta zuba. Ta zauna ta miƙe ƙafa, tana jan ƙurar kaɗan-kaɗan da yatsa zuwa gefe, yadda take tsince tsakuwa a shinkafa. Ya tsuguna kusa da ita yana taya ta, wato yana tura ƙura daga nan zuwa can.

"Cire hannunka, kana dama mini."

Ta fitar da kan ashana, ta fitar da gutsuren gawayi, ta murza shi ya dagargaje. Ta fitar da kashin ɓera ta yi tsaki. Daga babban gida aka ji muryar Hajiya tana tambayar mai aiki ko an ga jakarta.

"Miƙo hannu," matarsa ta ce.

Ya miƙa. Ta taɓa tafin hannunsa ta janye.

"To ba ni mana," ya ce.

Ta tsaya tana kallonsa. Ya ɗago ya dube ta.

"Tana hannunka, Malam."

Ya dubi tafinsa. Ya kawo shi kusa da fuska, ya nisanta shi, ya karkata shi wajen rana. Layukan hannu ma a haɗe suke, kamar an shafa musu ruwa. Sai da ya sa yatsan ɗaya hannun yana lalube kafin ya ji ta, 'yar mitsitsiya, mai santsi.

"Ƙura ce ta shiga mini ido."

"Wata nawa ke nan ƙurar tana ciki?" Ba da faɗa ta yi maganar ba. "Ni nake karanta maka lambar waya. Ni nake gaya maka wanda ya yi sallama kafin ya matso. Na yi shiru saboda ɗakunan nan, ni ma ina son su, a nan na yi goyon 'ya'yana duka. Amma kullum ka fita da baiwar Allahn nan a bayan mota, ba na iya cin abinci sai na ji ƙarar buɗe ƙofa."

Kunya ta rufe shi, don ya ɗauka shi kaɗai ya sani.

Ta karɓi ƙwayar, ta ɗiga gam da tsinken ashana, ta kwantar da ita a gurbinta, ta haɗe gidan har ya ce ƙas. Ta goge makullin da gefen zane ta miƙa masa.

Goma da minti ashirin ya zauna a mazauninsa ya murza. Motar ta tashi a bugu ɗaya, lafiya lau, kamar ba ita ba. Maigadi ya ɗaga masa babban yatsa ya tafi buɗe ƙofa.

Hajiya ta fito tana dogara sanda, Injiniya yana riƙe da jakarta. Ya zaunar da ita a baya, ya rufe, sannan ya leƙo ta tagar direba. Idonsa ya sauka kan makullin.

"A'a, Baba, an yi sabon gida ke nan? Ya yi kyau wallahi. Ka ga irin abin da nake so."

Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai sani. Baba Direba ya riƙe sitiyari ya dubi gaba. Ƙofa a buɗe take, titi yana can, abubuwa suna wucewa a kansa, manya da ƙanana. Wani abu ya gilma a bakin ƙofar, ya kasa cewa yaro ne ko akuya.

Ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa ya fito, ya bar injin yana aiki.

"Injiniya, yau kai za ka kai ta."

"Ni? Baba, ina da taro ƙarfe sha biyu. Motar ce?"

"Motar lafiyarta ƙalau."

Injiniya ya dubi fuskar tsohon. Hajiya ta sauke gilashi.

"Malam, me ake jira? Za mu makara."

"Ba za ku makara ba, Hajiya." Ya riƙe wa Injiniya ƙofa kamar yadda ya saba riƙe wa mahaifinsa. "Ka matsar da kujerar baya, ka fi ni tsawo. In ka dawo ina nan, ina da magana."