Hanyar Baba Masinja

"Ɗan ja labulen nan ki duba mini. Ana ganinta har yanzu?"

Mai ɗinki ta ajiye kofin ruwan da take ba shi, ta ja labule. Ta tagar ɗakin Baba Masinja ana hango filin gaba ɗaya, tun daga bayan gidajensu har katangar maƙabarta. Siririyar hanyar ƙafar da ta ratsa tsakiyarsa kuwa, sati biyar na ruwan sama sun gama da ita. Ciyawa ta rufe ta ruf.

"Ana gani, Baba. Tar da ita."

"Ke dai tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa. Shekara talatin da wani abu yana ratsa filin nan da jakar takardu zuwa ofis. Da ya yi ritaya ma bai fasa ba. Safe da yamma sai ya ɗauki sanda, ya je har ƙarshe, ya juyo, ba aike ba saƙo. Tun da aka zuba kwalta ta zagaye kowa ya koma hawa mota, aka bar masa hanyar shi kaɗai. 'Yan unguwa har tsokanarsa suke, wai ofis ya sallame shi amma ƙafafunsa ba su sami takardar ba.

Sai hukumar tsara gari ta kafa allo: za a yanka filin a yi shaguna. Baba ya rubuta musu takarda, da irin rubutunsa mai kwanciya gefe. Amsa ta zo cewa jami'a za ta zo wata Laraba, bayan sati shida, ta duba. In ta ga alamar jama'a na amfani da wurin, za a sake shawara. In ba ta gani ba, shi ke nan. Kwana biyu da zuwan amsar ciwo ya kwantar da shi.

Abin da ke cin Mai ɗinki a rai shi ne, sunanta na cikin jerin masu neman shago. Kekenta a kusurwar falo yake, yara na tsallake yadin mutane, miya ta taɓa zuba a kan rigar amarya. Ta gaji, kuma ba ta ga ta yi laifi ba. Amma kullum ta shigo ɗakin nan sai kunya ta kama ta.

"Na san kin sa suna," ya ce, idonsa a rufe.

Ta saki labulen, ta dawo ta zauna kusa da shi.

"Ban ga laifinki ba, 'yar nan. Shago abu ne mai kyau. Ni dai in na tuna a filin nan kika koyi gudu, kina faɗuwa ina ɗaga ki, sai in ji ba daɗi." Ya numfasa. "Abu ɗaya nake roƙo. In tafiyar ta zo, kada a zagaya da ni ta kwalta."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Kin dai ji."

Ranar Larabar da jami'ar za ta zo, da hantsi ya cika, tana riƙe da hannunsa. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinta.

Kafin azahar ɗansa ya iso daga birni, har ya sa an kawo motar ɗaukar gawa ƙofar gida. Mai ɗinki ta fito da jajayen idanu ta tsaya a gabansa.

"Ba ta kwalta ba."

"Yaya, ciyawa ce har gwiwa, ga taɓo. Dattawa za su wahala."

"Shi ya ce. Ni ya faɗa wa, ni kuma na faɗa maka. Sauran ya rage naka."

Ɗan ya dubi filin, ya dubi motar. Can ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa.

Daga bakin filin ta tsaya tana kallo. Ba ta taɓa sanin garin na da mutane haka ba: tsoffin abokan aikinsa, mai wanki, malaman makaranta, har da waɗanda suka fi kowa tsokanarsa. Sun shiga ciyawar a jere ɗauke da makara, na gaba na lalube da ƙafa yana neman inda ƙasa ta fi tauri. Ta nan suka je, ta nan suka dawo. Masu zuwa gaisuwa daga ɗaya ɓangaren su ma suka ga hanya, suka biyo.

Bayan la'asar jami'ar ta zo, wata matashiya da taswira a hannu da takalmin da bai dace da taɓo ba. Ta dubi takardarta, ta dubi ƙasa.

"Mama, a taswirar da aka ba ni babu hanya a nan. Su wa ke binta?"

"Mu ne," in ji Mai ɗinki. "Wanda ya fi kowa binta ɗazu ya wuce."

"Zai dawo? Ina so in ji ta bakinsa."

"A'a."

Jami'ar ta hango tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida, ta gane. Ta yi mata gaisuwa a hankali. Sannan ta ɗora taswirar a cinyarta, ta ja layi da jan biro daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ban yi alkawari ba fa. Zan dai rubuta abin da na gani."

"To. Tunda biron na hannunki, akwai sunana a jerin masu shago. Na goma sha ɗaya. Ki soke."

Da jami'ar ta tafi, Mai ɗinki ta leƙa ɗakin Baba don rufe taga. Sandarsa na jingine bayan ƙofa, ƙasanta da busasshen taɓo. Ta ɗauka ta fita. Ciyawar da aka tattake tana ta ƙamshi, wasu har sun fara ɗagowa. Ta bi hanyar har katanga, ta ɗan tsaya, ba ta da abin yi a can. Sai ta juyo.