Rahoton Zauren Malam Abdurrahim

Tun kafin gwamnati ta san da zamanmu, a zauren Malam Abdurrahim ake kashe rigimar unguwarmu Rafin Guza. Ƙa'idarsa ɗaya ce: mai laifi ya faɗi abin da ya yi da bakinsa a gaban wanda ya cuta, a yafe, a shafa fatiha. Daga nan magana ta mutu, ko matarka ba za ka ba labari ba.

A 1985 aka ce za a tallafa wa kwamitocin sulhu na unguwanni. Aka kawo mana benci huɗu da allon suna, aka yanka ɗan alawus, da sharaɗin a riƙa aika rahoto duk wata, don a tabbatar ba zaman shan shayi muke yi ba. Ni Yusha'u, akawu a ma'aikata, mai ji da Turanci, aka naɗa ni sakatare. Har sabon biro na saya don rawar kai.

Maganar farko da ta zo ta Bala ce, wani kafinta da aiki ya tsaya masa wata biyar. Ya tare Delu mai ɗinki a hanyar Kawo da rana tsaka, ya ƙwace kan kekenta da ta karɓo daga gyara. Washegari ya mayar mata da kansa, yana kuka.

"Da me ka tsorata ta?" in ji Malam.

"Da wuƙa, Malam. Wallahi ko ɗaga ta ban yi ba."

"Delu, kin ji."

"Na yafe, Malam. Tare muka tashi da yayarsa."

Aka shafa. Malam ya dubi littafina ya ce, "Yusha'u, wannan kam a bar shi." Na ce to. Amma wata ya ƙare ba mu da abin nunawa sai faɗan akuya, ni kuwa ina tsoron a ce ba ma aiki a janye tallafin. Na zauna na tsara komai, suna da unguwa da wuƙa, ina jin daɗin yadda Turancin ya zauna, na aika rahoton.

Bayan mako uku motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidan su Bala. Zamanin soja ne, fashi da makami hukuncinsa harbi. Delu ta je kotun sau biyu tana rantsuwa ta yafe, aka ce mata ba da ita ake shari'a ba. Malam ya daina zama a zauren. Bai tona ni ba, bai kuma ƙara yi mini magana ba, wannan ya fi mini mari ciwo.

Ranar da aka yanke wa Bala hukuncin kisa, Hansai mahaifiyar Bala ta yi sallama a gidana.

"Ɗan nan, an ce a rubuta wa gwamna takardar neman sassauci. Duk unguwar nan babu mai Turancinka."

Na rubuta, ina tsanar kaina. Ta ƙulle takardar a gefen mayafinta, ta kama hannuna na dama da hannu biyu.

"Allah ya yi wa hannun nan albarka," in ji ta.

Na ce amin, don ba ni da ƙarfin halin faɗa mata.