Ƙarshen da Auta Ta Karanta Mini

Tun da idona ya yi rauni, ƙanwata Auta ce take karanta mini komai. Kitso kam hannuna ya san hanyarsa, shago bai tsaya ba, amma rubutu sai dai in ga dishi-dishi.

Akwai wani littafin soyayya da ya haukata mata a lokacin, an gina shi a kan tatsuniyoyin Girkawa. Sarkin teku, wanda ba ya tsufa ba ya mutuwa, ya faɗa son wata yarinya mai saƙa raga. Duk rana idan shago ya yi sauƙi, Auta ta zauna a kan kujerar wankin kai ta karanta, ni kuwa ina wanke mataji ina zagin 'yan'uwan sarkin, munafukan banza. Da muka kai ƙarshe ya ajiye sarautar, ya zama mutum kamar kowa, suka tsufa tare a bakin ruwa. Wallahi har hawaye na yi.

Ran nan ina yi wa wata malamar asibiti kitso, hirar littafin ta taso, sai ta ja tsaki.

"Ni fa na gama da marubuciyar nan. Duk wahalar da yarinyar ta sha, ya mayar da ita dutse ya koma gadon mulkinsa?"

"Wane dutse?" na ce. "Haba Malama, ko dai a tsaye kika karanta? Ai aurenta ya yi!"

Matan da ke jiran layi suka fashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Uwar ɗakina, wane bugu aka sayar miki?" Na dage, har da rantsuwa, har ina kawo musu maganar da ya faɗa mata ranar auren. Sai na lura injin busar da gashi da ke hannun Auta ya yi shiru.

"Auta, faɗa musu mana."

Sai ta sake kunna injin.

Da suka watse na rufe ƙofa. Raina ya ɓaci.

"Yaya, ki yi haƙuri," ta ce. "Rabonki da dariya tun kafin ciwon nan. Na ga yadda kika ɗora ranki a kansu, sai na kasa karanta miki yadda yake."

"Kika kasa? Idona ne ya mutu ko hankalina? Daga ina kika fara ƙarin naki?"

"Babin ƙarshe ne kawai. Da ɗan wani wuri a tsakiya."

Ɗan wani wuri! Na lalubo littafin a cikin aljihun tebur na miƙa mata.

"Karanta mini na gaskiyar. Kar ki tsallake ko wasali."

Ta buɗe, ta karanta. Yarinyar ta zama dutse, ruwa yana dukanta. Na kasa kunne har ta yi shiru, na ji ta rufe littafin.

"Shi ke nan, Yaya."

Na zauna ina kallon inuwarta. Wataƙila shi ke nan ɗin. Ba ni da yadda zan yi in sani.