Ruwan Zafi a Ƙafar Baba

Da Auta ta zare wa mahaifinta safa a safiyar nan, fatar bayan ƙafarsa ta biyo safar. Shi kuwa ko gezau bai yi ba. Ciwon suga ya daɗe da kashe masa ƙafafu, ko allura aka soka masa ba ya ji. Yana zaune a bakin gado yana tambayarta ko an gama lodi, alhali rabonsa da tuƙa babbar mota tun tana 'yar firamare.

Sai da ta koma wajen motarsa ta gida ta gane abin da ya faru. Tsohuwar ƙaramar mota ce shuɗiya, mai kujerun fata da fitilu zagayayyu, wadda ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Tun da tsufa ya fara rikita wa Baba tunani, kowace safiya sai ta zagaya unguwa da shi a cikinta kafin ta tafi shagonta na ɗinki. In ba a yi haka ba, ƙofa zai buɗe ya kama hanya da ƙafa. Ta ɗaga shimfiɗar da ke gaban kujerar mai zaman banza, inda Baba yake zama, ta tarar da ita sharkaf da ruwa mai santsi da warin tsatsa. Bawul ɗin da ke buɗe wa ruwan zafin inji hanya zuwa hita mai ɗumama cikin mota ne ya tsage, ya yi ta ɗiga a kan ƙafar tsohon har suka je suka dawo.

Wata nas da ke bayan layinsu ta zo ta wanke ƙunar ta naɗe, ta ce wannan ba ciwon gida ba ne, sai likita ya gani. Aka kira tasi. Baba ya turje a bakin ƙofar tasin, ya dafe rufin motar da hannu bibbiyu yana cewa sace shi za a yi, har ya fasa wa direban leɓe. Motar maƙwabci ma haka aka yi. Ba ya shiga kowace mota sai tasa. Kafin a kwana biyu bakin ciwon ya fara baƙi, ɗakin ya ɗauki wani wari. Nas ta ja Auta gefe ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in likita bai ga ƙafar nan yau ba, nan gaba maganar yankewa za a yi.

Kawu, ƙanin marigayiya mahaifiyarta, makanike ne, kuma a hannun Baba ya fara koyon mota, shi ya sa har yanzu Maigida yake ce masa. Da farko ya ce a cire bawul ɗin, a haɗe tiyo biyun da ke jikinsa, a manta da hita gaba ɗaya. Auta ta tuna masa halin mutumin nasa. Da zarar ya zauna, maɓallin hita yake fara ja, ya kara hannu a bakin iska. In bai ji ɗumi ba sai ya ce inji ya samu matsala, ya murɗa ƙofa zai sauka ya duba, ko da motar na gudu. Ga shi damina ce, gilashi na yin hazo. Kawu ya yi tsaki ya hau babur. Ya karaɗe wuraren masu sayar da kayan matattun motoci, sai wajen azahar ya dawo da wani bawul naɗe a tsumma, wanda ya cire da hannunsa daga gawar wata mota irin ta Baba.

Motar tana cikin rumfa, hancinta na kallon bangon kicin, tsakaninsu bai wuce wurin tsayuwar mutum ɗaya ba. Kawu ya sa dutse a gaban taya saboda birkin hannu ya daɗe da zama ado. Ya so ya cire kan batir, ya ga tsatsa ta cinye shi ya manne, ya ce in ya tsaya kokawa da shi zai karye a samu sabon aiki. Ai makulli yana aljihun Auta, Baba kuma ya sha magani yana barci.

Suka tsiyaye ruwan lagireto a cikin baho. Bawul ɗin yana maƙale ne a jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, don haka sai mutum biyu: ɗaya a ciki yana kwance noti, ɗaya a waje yana riƙe kan kusa kada ta juya. Kawu ya kwanta rigingine a gaban kujerar mai zaman banza, kansa a ƙarƙashin allon mota, ƙafafunsa a waje. Auta ta tsaya tsakanin motar da bango, ta sunkuya ƙarƙashin bonet da sifana a hannu.

Notin farko ya fito ba gardama. Na biyu ya ƙi. Kawu ya ɗiga masa man birki, ya jira, ya ƙwanƙwasa a hankali, yana yi wa motar magiya yana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Abin da yake tsoro shi ne bututun hitar da ke kusa da hannunsa, wanda ya ce ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai. In ya tsage, yau ba inda za su je.

"Riƙe da kyau, 'yar nan. Kada ki saki ko hannunki zai tsinke."

Ta danne sifanar da duk ƙarfinta, gumi na shiga mata ido. Ta ji notin ya yi ƙara ya motsa. A daidai lokacin ta ji an rufe ƙofar mota, ta ɗauka Kawu ne ya bugi tasa da gwiwa.

Sai inji ya tashi.

Baba yana da wani makulli da ba wanda ya san da shi. Ya fito da ɗingishi, bandeji na jan ƙasa, ya zauna a mazaunin direba. Bonet a buɗe yake, bai ga kowa a gabansa ba.

Fankar injin ta cafki bakin mayafin Auta. Kafin ta ankara an fizgo wuyanta ƙasa, goshinta ya bugi kan lagireto. Ta saki sifana ta dafe ƙarfen da hannu biyu tana ja da baya, mayafin na ƙara shaƙe ta, iskar fankar na kaɗa mata fuska. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita.

A ciki Kawu yana ta kiran Maigida, Maigida, yana neman miƙewa, kansa na dukan allo. Baba ya duba ya ga ƙato kwance a cikin motarsa da ƙarfe a hannu, ya ce ɓarawo, ya kai masa naushi a ƙirji. Kawu ya miƙa hannu wajen makulli, tsohon ya damƙe masa wuyan hannu da ƙarfin da ba wanda ya zaci ya rage masa. Sannan ya taka kuloci da ƙafar nan mai ciwo, ya jefa giya.

Motar ta yi tsalle. Taya ta hau dutsen rabi, bamba ta danna cinyoyin Auta da bango, sai injin ya shaƙe ya mutu. Motar ta gangaro baya kaɗan ta tsaya.

Kawu bai san yadda ya fito ba. Ya zaro wuƙar aljihu ya yanke mayafin daga jikin fanka, ya janyo ta gefe. Ta zube a kan siminti tana tari, wuyanta ya yi jan zobe. Ya tattaɓa ƙafafunta, ya sa ta motsa yatsu. Ba karaya. Daga nan ya ɗauki guduma ya doki kan batir ɗin har ya fita, bai damu da ko ya karye ba.

Baba ya leƙo ta taga, ransa a ɓace, yana tambayar wane sakarai ne ya ajiye dutse a kan hanya.

Kawu ya tsuguna kusa da Auta. Ya ce shi ya gama. Motar nan sai ta kashe wani, gara a kira masu janwe su ɗauke ta yau, a ɗaure tsohon a kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so. Auta ta amsa masa, muryarta a dushe.

"In aka ɗaure shi yau, gobe fa? Kullum za a riƙa ɗaure shi? Kawu, tashi mu ƙarasa."

Ta lallaba ta buɗe ƙofar direba, ta ce wa Baba an samu faci ne, ya matsa baya ya huta kafin yara su gama. Wannan maganar ya gane ta. Ya koma kujerar baya yana faɗan yaran zamani ba su iya aiki ba. Makullin nasa kuwa ya ƙi sakinsa, ta bar shi da abinsa.

Suka koma bakin aiki. Tsohon bawul ya fito, bututun hita bai tsage ba. Kawu ya kankare tsatsar wurin, ya zaunar da sabon, ya ɗaure tiyo, ya haɗa wayar maɓalli. Ya ɗaure kan batir da waya saboda gudumar ta fasa shi. Suka cika lagireto, ya sa Auta ta tsaya can bakin ƙofar gida kafin ya tayar da inji. Ya shimfiɗa farin tsumma a ƙarƙashin bawul, ya tsuguna yana kallo har allurar zafi ta hau. Tsumman bai jiƙe ba. Duk da haka ya ce Baba a baya zai zauna, shi ne zai zauna a gaba, kuma ya cire takalmi ya ajiye ƙafarsa tsirara a wurin da ruwan ya ɗiga wa Baba.

An fara yayyafi lokacin da suka fita. Baba ya miƙo hannu ta tsakanin kujeru ya ja maɓalli, ya ji ɗumi, ya jingina.

Sun tarar da likita yana rufe ofis, jaka a hannu. Ya dubi ƙafar, ya ajiye jakar. Ya yanke ruɓaɓɓen naman da ke gefe, ya ce yatsa ɗaya ba lallai ya tsira ba, amma ƙafar tana nan in an riƙa zuwa kullum. Da ya juyo zai yi wa Auta bayanin magani sai ya tsaya, ya ɗaga mata haɓa da yatsa, ya tambayi abin da ya same ta a wuya.

Ta ce mota suka gyara.

Ya dubi Kawu, ya sake dubanta, ya ce wa ma'aikaciyarsa ta kawo wata kujera. Auta ta zauna. Sai a lokacin cinyoyinta suka fara zugi, ta kasa riƙe kofin ruwan da aka miƙo mata, Kawu ya karɓa ya riƙe mata tana sha.