Ɓawon Albasa da Gashin Kaina

Ni dai ban yi makaranta ba, amma idona bai mutu ba. Da ƙafa ta fara ba ni wahala, ɗana ya ɗauko ni ya ba ni ɗakin da ke kusa da falo, mai babbar taga. Ɗaki ne mai kyau, kuma na lura matarsa ma ta san da haka. A asibiti take aiki, 'yar siririya, ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Irinsu nake tsoro.

Da ɓawon albasa abin ya fara. Na zuba a kwandon shara, ina juyowa na gan ta tana tsincewa tana turawa a kwalba. Sai ɓawon ƙwai. Sai ganyen shayin da aka gama sha. Sai ƙusoshi masu tsatsa jiƙe a ruwa, a bayan buhun shinkafa. Kwalaye kuwa ta yayyaga ta jiƙa a bokiti har suka zama taɓo.

Na ce, "'Yar nan, wa za a dafa wa wannan?"

Ta ce, "Kala nake haɗawa, Inna, ta zane. Fentin kanti guba ne, in an wanke kwata yake bi ya shiga ruwan mutane."

Kala. Na ce to, Allah ya taimaka.

Bayan nan ta koyi tsayuwa a ƙofar ɗakina. Ba ni take kallo ba, tagar take kallo. "Inna, ɗakin nan naki akwai haske." Na ce da shi na same shi.

Sai matajina ya fara tsafta da kansa. In taje kai in bar gashi a jiki, in dawo in tarar an share shi tas. Na ce bari in gwada. Na bar furfura da gangan, na shiga wanka, na bar ƙofar banɗaki a ɗan buɗe. Ga ta nan, saɗaf-saɗaf, ta kwashe ta naɗe a takarda.

Gashin mutum, ƙusa mai tsatsa, ɓawon ƙwai. Ni za a gaya wa kala? Asiri ake haɗa mini, ɗakin ya fita raina, in tattara in koma gidan 'yata, inda za a haɗa ni kwana da injin wanki.

Ran Asabar da hantsi ɗana yana falo yana fama da fankar da ya kwance ya kasa mayarwa. Na dire masa kwalbar ƙusoshin a gabansa.

"In ɗakin kuke so, ku faɗa mini da baki. Ba sai an haɗa da gashina ba."

Ya saki baki. "Wane gashi kuma, Inna?"

"Tambayi likitar gidanku."

Ta fito daga kicin, ta dubi kwalbar, ta dube ni, sai ta toshe bakinta da gefen mayafi. Dariya take ɓoyewa, mara kunya. Ta shiga ta fito da wani tsinke, an ɗaure furfura a bakinsa da zare.

"Burushin zane ne, Inna. Na gwada nawa gashin, laushi ya yi masa yawa. Naki ne yake tsayawa."

Ɗana ya ce, "Ai komai na Inna tsayawa yake yi."

Na ce ya ji da fankarsa.

Sai ta kawo takarda mai kauri, wai taɓon kwalin nan ne ta baza a kan raga ya bushe. A jiki an zana wata tsohuwa zaune a bakin gado. Zanin jikinta ruwan albasa, fuskar ruwan shayi, inuwar kuma ruwan ƙusa ne ya mayar da ita baƙa, farin kai ɓawon ƙwai. Ni ce. Ta ƙara mini hanci, amma ni ce.

Na matso da ita kusa da ido. A cikin hoton, a gindin tagata ga wani ɗan tebur, da kujera.

"Wannan teburin fa? Ni ba ni da tebur."

Ta sunkuyar da kai. "Hasken ne, Inna. Ɗakinmu duhu. Na kasa tambaya ne."

Ashe dai hancin nawa da ya shinshino tana son ɗakin bai yi ƙarya ba, ko da ta ƙara shi.

Ɗana ya rantse ba mai taɓa mini ɗaki. Na ce rantsuwarsa ta yi kyau, amma ni ce zan gindaya sharaɗi. Tebur zai shigo, ƙarami. Ta yi zanenta da safe ranar da ba ta da aiki, ina kan gadona ina gani. Bokitin taɓo ba zai ƙetare ƙofa ba. Gashi kuma a roƙa.

Hoton na sa ya kafa mini a saman gado, da ƙusa daga cikin kwalbar, yadda kowa ya shigo zai san mai ɗakin.

Yanzu ni nake tara mata ɓawon albasa. Amma jiya na ga tana ƙare wa bargona kallo, wai jansa ya yi mata kyau. Na naɗe shi na zauna a kai.