Lailatu a Bakin Dutsen Murjani

Tun da Sadiƙ ya haye teku daga Jidda zuwa Sudan don ya ɗauko mahaifiyarsa daga cikin yaƙi, matarsa Lailatu ta kasa zama wuri ɗaya. Saƙonsa na ƙarshe ya zo ne daga hanyar garin Wad Madani, daga nan layi ya ɗauke. A kamfanin biskit ɗin da take aiki a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta Jidda, har shugabarsu ta yi mata magana, don kullum hannunta na aljihu tana taɓa waya. A gida kuwa, a unguwar Mahjar, sai ta share ɗakin da ta riga ta share, ta hau soro, ta sauko, ta sake hawa.

Yayanta Usama, mai kai masu nutso teku daga gaɓar Ubhur, shi ya gaji da ganinta haka.

"Asabar ki shirya, za mu fita bahar, ki sha iskar teku," in ji shi.

"Yaya, in ya kira fa?"

"In ya kira zai sake kira. Halas, na gama magana."

Ba baƙuwar nutso ba ce, shi da kansa ya koya mata kafin aurenta. Suka fita da hantsi a jirgin ruwa tare da wasu baƙi, jirgin ya yi ta dukan ruwa har gine-ginen Jidda suka ɓace. Suka tsaya kusa da wani ɗan tsibiri na farin yashi, babu komai a kansa sai tsuntsaye. Usama ya ɗaura mata tukunyar iska, ya duba bututun, ya ce ta riƙa tafiya kusa da shi. Ta gyaɗa kai, idonta na yamma.

Ƙarƙashin ruwa murjani ya shimfiɗu kamar garin da aka gina babu titi. Wani kamar faranti, wani kamar ƙahon barewa. Ƙananan kifaye masu ruwan lemo sun yi dandazo a kansa, in ta matso su shige, in ta wuce su fito. Wani koren kifi mai baki irin na aku yana gutsurar dutse, har tana jin ƙarar haƙoransa. Ta so ta tsaya ta kalla, ƙafafunta suka ƙi.

Ta yi gaba har inda dutsen ya ƙare. A nan ƙasa ta yanke, sai shuɗin ruwa da babu iyaka. Wani kunkurun teku ya taso daga gefen dutsen, ya nufi cikin shuɗin a hankali. Ta san can ne yamma, can Sudan take. Ba ta yi shawara da zuciyarta ba, ta bi shi.

Ba ta yi nisa ba ruwa ya fisge ta. Ta juya ta ga dutsen yana ja da baya, ta buga ƙafa iya ƙarfinta, a banza. Numfashinta ya yi sama, kumfa ta rufe mata gani. Sai ta ji an damƙe mata kafaɗa. Usama ne. Ya kawo fuskarsa daf da tata, ya yi mata alama da hannu ta sassauta numfashi, bai sake ta ba har suka taso a hankali.

Da suka fito, jirgin ya koma ɗan ɗigo. Usama ya hura doguwar jar alamar nan ta masu nutso, ya ɗaga ta sama.

"Ke majnuna ce? Hauka kike yi? Ina za ki?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Kin sani."

Ta cire gilashin fuskarta, ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun tafiyar Sadiƙ. Igiyar ruwa tana ɗaga su tana saukewa, rana tana dukan kansu. Usama bai ce ta yi shiru ba, ya dai riƙe ɗamarar rigarta da hannu ɗaya, ɗayan yana kaɗa alamar har ya sage. Sun daɗe a haka, bakinsu ya bushe da gishiri, kafin direban jirgin ya hango su ya karkato.

Jirgin ya kwashe su, ya mayar da su Ubhur. Sai da suka shiga mota Usama ya ce, "Umma kada ta ji wannan."

"Ba za ta ji ba."

Labarin Sadiƙ bai zo a ranar ba, bai zo a makon ba. Sai bayan an ga sabon wata ya kira daga garin Kasala da wayar wani direba, muryarsa a dishe. Suna raye, shi da tsohuwar, amma hanya ba ta buɗe ba tukuna, sai abin da Allah ya yi.

Lailatu ta yi sujada, ta tashi, ta zagaya tsakar gida. Sannan ta je ta sami Usama yana wanke kayan nutso a bakin famfo.

"Yaya, Asabar zan bi ka."

"La, ba da ni ba."

"Wallahi ba zan bar gefenka ba."

Ya kalle ta, ruwa na zuba a ƙafarsa. Ya miƙo mata rigar nutso ta roba guda. "Yalla, fara ɗauraye wannan, sannan mu yi magana."